Tamkar Uwa

Sai da aka shafa wa Dakta Evandro Pimentel hoda sau biyu kafin gumin goshinsa ya lafa. Ba likita ba ne, lauya ne da ba a taɓa jin ya ci wata shari'a ba, amma a jiharsu ta Bahia duk mai farar fata da kwat ai Dakta ne. Kakansa ya yi magajin gari, ubansa ya yi, shi ma ya ɗauka kujerar gado ce kamar gonar rake. Kwatsam sai ga wata baƙar malamar makaranta, Iraci Conceição, ta sha gabansa ko'ina. Muhawarar yau ce ta ƙarshe kafin zaɓe, in ta kuɓuce masa, kujera ta bar gidan Pimentel.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne matar ba ta da asalin da za a nuna. Sa'arsa ce a shekaru, amma a unguwar kan tudu ta tashi, a hannun kakarta mai tuyar ƙosai da manja. Wai ita ce za ta zauna inda ubansa ya zauna.

A kulob ɗinsu kullum maganar ke nan. Fararen gari sun zama abin tausayi, in ji su, an ƙwace musu gurabe a jami'a, an hana su ko da raha. Suna kukan zalunci suna miƙa kofi ga baƙin ma'aikacin da ke zuba musu giya, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalli fuskarsa. Evandro ne sarkin masu kukan. Launin fata kawai malamar take talla, in ji shi, in aka cire wannan ba ta da komai.

Mashawarcinsa, wani baƙo ɗan birnin São Paulo da bai san kowa a garin ba sai mai otal, shi ya kawo dabara. A samo baƙar fata daga cikin gida, a zaunar a sahun gaba, a toshe bakin kowa. Evandro ya tafa hannu. Ai ga Zefa.

Zefa ta shigo gidansu tun yana jariri, lokacin da uwarsa ta ce shayarwa na lalata ƙirji, aka ɗauko ta ta shayar da shi. Tun daga nan take kwana a ɗan ɗakin bayan kicin, kusa da tukunyar gas. Lahadi ɗaya a wata takan fita da ragowar abinci a kwano ta dawo da yamma, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta ina take zuwa.

Da ya gaya mata, sai ta kama kunnenta na hagu tana murzawa.

"Ɗan nan, ka rufa mini asiri, kada ka kai ni wurin nan."

"Haba Zefa, kunya ce? Zama kawai za ki yi. Ga sabuwar riga na saya miki."

Ya ɗauka ƙauyanci ne. Mutumin da bai saba jin a'a ba, ko an faɗa masa ba ya ganewa.

Da la'asar tsohon gidan silima ya cika maƙil, masu kwat a gaba, mutanen tudu a baya. Iraci ta yi magana a kan ruwan famfo da bai kai tudu ba, da asibitin da ba magani. Ko sau ɗaya ba ta ambaci launin kowa ba, ba ta taɓo gidan Pimentel ba, kuma ba ta kalli sahun gaba ba. Evandro ya ce a ransa tsoro ne.

Da aka ba shi dama, bai bi ta kan famfo ba.

"Jama'a, malamar nan so take ta raba mu da launi don ta ci ƙuri'a. Mu farare yanzu ko tari muka yi laifi ne! To ni za a koya wa son baƙar fata? Zefa, tashi su gan ki."

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, idonta a ƙasa. Wani gunaguni ya taso daga kujerun baya, wata mata ta ce, "Wayyo Allah." Evandro ya ji daɗi, ya ɗauka maganar ta ratsa su.

"Wannan tamkar uwa take a gare ni. Nononta na sha! Ni ban san launi ba."

Mai gabatarwa ya nemi cikakken sunan baiwar Allah don masu sauraro a rediyo. Evandro ya laluba a ƙwaƙwalwarsa, babu sunan. Shekara arba'in da ɗoriya tana wanke masa kamfai.

"Zefa dai," ya ce yana dariya. "Zefa tamu."

Shi kaɗai ya yi dariyar. Duk da haka ya juya ga abokiyar takararsa yana hura hanci, irin na wanda ya gama kashe maciji.

"To malama, me za ki ce?"

Iraci ta daɗe tsaye tana murza kunnenta na hagu. Sannan ta ajiye makirufo, ta sauko daga dandamali, ta ratsa masu kwat har gaban tsohuwar, ta riƙo hannunta. Zauren ya yi tsit, don haka kowa ya ji.

"Taso mu tafi gida, Mama. Nonon da yake tutiya da shi nawa ne, na bar masa. Ke kam ba zan bar masa ba."