Firintar da Ba Ta Wuce Azahar

Wayar Injiniya ta yi ƙara ana dab da azahar. Yana ganin lambar ofishin Baba ya ja tsaki tun kafin ya ɗauka.

"Ta sake tsayawa," in ji sakatariya, ko gaisuwa babu.

Injiniya suna ne da ya ci da sukurdirebansa. Bai taɓa zama ajin kowa ba, da ɓata rediyon gida ya fara har ya kai ga buɗe shagon gyaran kwamfuta, kuma tun da shagon ya kankama Baba sai dai ya ji muryarsa a waya. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata sai Baba, mahaifinsa, tsohon lauya mai ofishi ɗaki biyu a saman bene, ya jefar da tsohuwar firintarsa mai zubar da tawada ya sayi ta leza. A gaban Yaya, babbar 'yar gidan, ya bugi ƙirji ya ce idan wannan ta ba da matsala a daina kiran sa Injiniya. Yaya ta ce ta ji, kuma ta ajiye.

Ranar da aka kawo ta shi ya yanke kwalin. Ya zare ledojin, ya girgiza kwalbar garin tawada ya zura, ya cika tire da takarda, ya haɗa ta da kwamfutar sakatariya. Takardar gwaji ta fito da ɗuminta, baƙi wuluk a kan fari tas. Littafin bayani ne kawai bai gani ba da ya zo tattara kwalin, bai kuma damu ba. Mai karanta littafi ai wanda bai iya ba ne.

"Ni ko kunna ta ban iya ba, Auta," in ji Baba daga kujerarsa. "Zo ka ci abinci."

Kwana kaɗan aka kira shi. Waya ce ta saki a baya. Ya mayar, ya harari sakatariya, ya ce a daina jan tebur. Bayan nan girman takarda ya koma na ambulan, ƙarar da Baba zai shigar kotu ta fito rabi a yanke. Sai kuma allonta ya wayi gari yana magana da wani yare da ko haruffansa Injiniya bai taɓa gani ba, sai da ya bi maɓallan da ka kamar makaho a gidansu.

Kullum yana gamawa, yana zufa yana faɗa, zai tarar kular abinci a buɗe a teburin Baba, cokali biyu a ciki. Yana ci yana zagin kamfanin, Baba yana sakace yana gyaɗa kai, daga nan hira ta zarce kan jikoki, da gwiwar Baba, da maƙwabcin da ya ci musu iyaka.

Yaya kuwa ta samu abin yi. Duk safiya sai ta aiko saƙo: "Ya jikin mara lafiya, Likita?"

Abin ya ishe shi. Ya kulle saitin da lambar sirri, ya naɗe wayoyin da salatif, ya rubuta KADA A TAƁA ya manna a murfi. Ya ce wa sakatariya idan ta sake lalacewa to aljanu ne.

Yau ga shi kuma. Allon yana cewa babu takarda, tire kuwa cike yake har baki. Ya zare, ya kaɗa takardun, ya mayar. Babu takarda. Ya kashe ya kunna. Ya canza takardun da sababbi, ya goge robar da ke jan su, ya hura, ya daki gefenta da tafin hannu. Ya sake aika gwaji, firinta ta yi ɗan gurnani ta yi shiru. Babu takarda.

"Ke me kika yi mata?"

"Ni? Wallahi ko ƙura ban share ba, tsoronka nake ji," in ji sakatariya, idonta a kan allon kwamfuta, kumatunta suna rawa.

"Auta, abinci zai huce."

"Ba na ci, Baba!" Ya jefa sukurdireba cikin jaka. "An cuce ni, shi ke nan. Gobe da safe zan zo da mota in mayar musu da tsiyarsu. Zan kira Yaya da kaina, ta sa mini sunan da ta ga dama."

Karon farko kular ta zauna babu wanda ya taɓa ta.

Injiniya ya sauka bene yana huci, ya lalubo lambar Yaya, ya tsaya yana tsara yadda zai faɗa ba tare da ta yi dariyar nan tata mai shiga ƙashi ba. Ya kai hannu aljihu, babu makullin babur. Yana can kan firinta. Ya sake tsaki ya hau, ya tarar ƙofar a ɗan buɗe.

Baba ne durƙushe a kan gwiwar da yake kuka da ita, tabarau a karan hanci, tire a ƙasa, hannunsa cikin firinta har gwiwar hannu. Sakatariya tana tsaye a kansa riƙe da littafin bayanin nan da ya ɓace. Baba ya zaro tsinken sakace daga ƙarƙashin ɗan harshen robar da ke jin takarda, firinta ta farka ta fara amayo takardun gwaji ɗaya bayan ɗaya.

"Na yau ya yi masa yawa, ko loma bai yi ba," in ji Baba. "Buɗe gaba, 'yata, ki nemo mana na gobe, ƙarami, wanda zai gyara kafin abinci ya huce."