Abin da Inna ta faɗa a kunnena na hagu

Har yau ƙamshin man shanu mai ɗumi yana tayar mini da hankali. Ranar, bayan la'asar a gidanmu na Kusada, Inna ta ɗiga mini shi da cokali a kunnen hagu. Kwana tara kunnen yana zubar da mugunya, ƙashin bayansa ya kumbura kamar ƙwan zabo. Wani malamin asibiti a Kankiya ya ce mata iska ba ta shiga can ciki, kada ta ƙara zuba komai. Amma ihuna ya fi ƙarfinta.

Sai ta toshe kunnena na dama, ta sunkuyo ta yi magana cikin na hagun. Ɗumin numfashinta kawai ya iso ni.

Ta ɗage hannu. "Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

"To mi na ce?"

Ta sake toshewa, ta sake faɗa, har sau bakwai, hawayenta suna ɗiga a wuyana.

Inna ta rasu ban tambaye ta ba. Kunnen bai dawo ba. Wallahi da za a karɓi na daman a gaya mini abin da ta ce, da na bayar.