Fayil Ɗin Slaven Perak

Ranar Litinin aka kwashe tsohuwar kwamfutar Tihomir Balen, yana tsaye yana kallo.

Shekara ashirin da shida yana aiki a ɗakin ƙasa na ofishin kula da tsofaffin sojoji, a wani gari da ke bakin kogin Drava. Shi ne mai riƙe da fayilolin waɗanda suka ɓace a yaƙi. Ɗakin ba taga, ba mai saukowa, kuma bai taɓa neman a sauya masa wuri ba.

Sau uku ana kawo maganar sabon tsari, sau uku yana rubuta takardar da ke kashe ta. Wannan karon umarni ne daga sama. Aka turo Dubravka, injiniya mai furfura da bakin tsiya, ta kwana arba'in tana zuba takardunsa cikin na'ura: hotuna, wasiƙu, har katunan zanen yatsu na ranar ɗaukar soja.

"Kai dai tsoho, tsoron maɓalli kake yi," in ji ta, tana tura masa kofi. "Ba ya cizo."

Ya yi murmushi cikin gemunsa, bai sha ba.

Fayil ɗaya ya ɓoye a aljihun tebur, na Slaven Perak, wanda ya ɓace yana ɗan shekara goma sha tara. Duk bazara mahaifiyarsa Milka takan rubuto daga ƙauye tana tambaya. Tihomir ne ke amsa mata da hannunsa, da manyan haruffa saboda idonta: ana nan ana nema. Dubravka ta gano fayil ɗin ranar Laraba, ta haɗa shi da sauran a cikin na'ura.

Ya nemi ritaya, aka ce sai an kammala miƙa aiki. Ya nemi hutun jinya, likita ya ce lafiyarsa ƙalau. Ranar Alhamis ya je tashar jirgin ƙasa, ya zauna har jirage biyu suka wuce, ya dawo. Ina zai je?

Ranar Juma'a aka tara ma'aikata. Kowa zai ɗora babban yatsa a kan gilashi, don da shi za a riƙa buɗe sabon tsarin. Shugaban ofis ya yi bayani da alfahari: na'urar tana gwada kowane yatsa da duk katunan da ke cikinta, in ta gano wani da ya ɓace, nan take saƙo zai tafi ga danginsa.

Layi ya yi ta raguwa. Tihomir ya koma baya, ya sake komawa, har bayansa ya taɓa bango.

"Saura kai, ranka ya daɗe," in ji Dubravka. "Ko sai na kama hannun?"

Aka yi dariya. Ya ɗora yatsan. Gilashin ya yi sanyi.

Dariyar Dubravka ta tsaya. Ta dubi allon na'urar, ta dube shi.

Tihomir Balen na gaskiya ya mutu a cikin ramin sojoji tun shekarar farko ta yaƙi, abokinsa Slaven Perak ya zare takardunsa ya gudu daga fagen daga, ya ci gaba da rayuwa da sunan mamacin, kuma yanzu haka wayar wata tsohuwa a ƙauye tana ƙara da saƙon cewa an ga ɗanta Slaven.