Wanzamin da Ya Nuna Ƙofa

Ka ce ba ruwanka, tunda ba a masallacinku aka yi ba. To, gyara zama ka ji.

A wani birni can gabas an yi wani wanzami da rumfarsa ke kallon wurin ibadar mabiya addinin Sikh, wasu 'yan tsirarun mutane da ba sa aske gashi ko gemu, sai dai su naɗe kai da rawani. Ka ga kuwa wanzami ba shi da dalilin ƙaunarsu. Sai dai suna da wata al'ada: kullum tukunyarsu na kan wuta. Duk wanda ya zo zai tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya rufe kansa, ya zauna a ƙasa, a ba shi gurasa da miyar wake, ba mai tambayar sunansa balle alƙiblarsa. Shekara goma sha ɗaya wanzami na cin gurasar nan, ya fito yana sakace yana cewa, "Mutanen kirki ne, sai dai 'yan wuta." Wata rana wasu baƙi biyu suka zauna a bencinsa, ba kuwa aski ya kawo su ba. Suka tambaye shi wace rana aka fi cika a can, kuma wace ƙofa ce babu mai gadi. Wanda ya tsufa yana duban fuskokin mutane da aska a hannu ya san abin da ya gani. Amma ya ce a ransa ai tambaya aka yi masa, shi kuwa mutum ne mai ladabi. Ya nuna musu ƙofar madafa, wadda ba a taɓa rufewa saboda masu yunwa irinsa.

Ranar Lahadi da hantsi aka shiga ta nan da bindigogi, aka gwada jarumtaka a kan tsofaffi da mata masu murza gurasa. Har la'asar takalma na nan jere a bakin ƙofa, manya da ƙanana, ba mai zuwa ɗauka. Manyan gari suka zo, suka yi Allah wadai, aka ɗauki hoto, aka watse. Waɗanda suka tsira suka kashe wutar murhu, suka bar garin. Wanzami ya ce ƙaddara ce. Abin da ya fi damunsa shi ne inda zai ci na rana. Ba a yi wata uku ba baƙin nan suka dawo, wannan karon wajen mai shayi, maƙwabcin wanzami, suna tambayar wane ne ke aske wa Musulmi gemu a unguwar nan. Shi ma mai shayi mutum ne mai ladabi. Da wanzami ya hango yatsa ya miƙo wajen rumfarsa, ya yar da aska ya tsallaka titi a guje, zuwa ƙofa ɗaya tak da ya sani ba a korar kowa. Ya tarar da kwaɗo a jikinta.

Ai dama Hausawa sun faɗa: tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.