Sharhin Mai Gatari

Kwana uku da nuna fim ɗin binciken kisan a talabijin, jaridu suka yi wa marubuciyar ca. Wannan ya ce ɗan sandan cikin fim ko ɓarawon kaza ba zai kama ba. Wancan ya ce asarar wutar lantarki ce kawai.

Daraktan ya watsa mata jaridun a tebur. "Kin ga aikin taurin kanki? Sau nawa na ce a gyara, kika kafe? Kin zubar mini da mutunci!"

Ko kallo bai ishe ta ba. Ta tattara su, ta hau bin su layi-layi da jan biro. Ita ba yabo take nema ba. Yayanta aka kashe a ɗakin karatunsa shekara shida da suka wuce, ita ta fara ganin gawar, har yau kuma ba a kama kowa ba. Labarinsa ta mayar fim, ta sauya 'yan ƙananan abubuwa, ko Allah zai sa bakin wani ya suɓuce.

Saura mutum ɗaya, Mai Gatari, uban masu sharhi, aminin marigayin, wanda ya fi kowa kuka ranar rasuwar. Shi dai ba ya iya ganin kuskure ya haɗiye, ko a allon kanti ne. Ranar Asabar nasa ya fito, shafi guda cur.

Kai, bai raga mata ba! Ya caccaki kiɗa, ya caccaki 'yan wasa, sannan ya dira kanta: "Wai labarin gaskiya! Ƙanwar mamaci guda, amma ta zaunar da shi kamar mai gudun mutane, da kofin shayi ɗaya tal. Kofi biyu ne a teburin nan ranar, ɗaya ma ko kurɓa ba a yi ba. Abin kunya."

"To, ya gama da mu," in ji daraktan. "Hankalinki ya kwanta?"

"Ya kwanta," ta ce. Ta ninke jaridar, ta nufi ofishin 'yan sanda.

Babu kofi na biyu a hotunan 'yan sanda, babu shi a kowane rahoto. Ita ce, cikin ruɗewa, ta ɗauke shi ta wanke kafin su iso, kunya kuma ta hana ta gaya wa kowa.