Ranar da Na Wanke Jallabiyar Yaya

Shekarar da aka gama ginin madatsar ruwa ta Damazin, kogi ya tafi da yayana Haruna, ba a ga ko gawarsa ba. Jallabiyarsa ta aiki ce kawai ta rage, Baba ya ajiye ta ƙarƙashin matashinsa.

Wata rana bayan azahar na gan ta duk datti, sai na haɗa da wankina, na dirje ta da sabulu. Da ta bushe na ninke, na kai wa Baba ina jiran yabo.

Yana zaune kan gadonsa na igiya. Ya kai ta hanci, ya daɗe yana shaƙa. A nan na gane warin gumin Haruna yake nema, ni kuwa na zubar da shi da ruwan wanki. Yau ina da jikoki, amma in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini."

Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Na yafe, ɗiyata. Annabi Yakubu ya yi kukan Yusufu har ya makance, amma wurin Allah ya kai kukansa. Ni wurin riga nake kai nawa. Tashi ki kawo mini buta, kada la'asar ta wuce ni."