Yadda Ake Yi Wa Ɓeraye

Karo na uku nas ta ɗaura mini abin awon jini, ta kalli lambar, ta girgiza kai.

"Mama, jinin nan ya ƙi sauka."

Mijina bai ji ba, yana bakin ƙofa yana shan yabo. Wani matashin likita ne ya gane shi: Farfesan da ya gano yadda ƙwaƙwalwa ke juya bugun zuciya da hawan jini.

"Ranka ya daɗe, da bincikenka muke duba marasa lafiya. Ka ceci dubban zukata."

Na ce a raina, lallai kam. Tawa ce dai ba ta shiga layi da wuri ba. Shekarun aurenmu duk a ɗakin gwaji ya cinye su, shi da ɓerayensa.

Can ya waigo ya ga lambar.

Ya ce wa nas, "Matsa, 'yata, ba haka ake awo ba."

Ya zauna, ya kama hannuna yana shafawa, yana yi mini raɗa da wata murya mai taushi da ban taɓa sanin yana da ita ba. Idona ya ciko. Aka sake awo, jinin ya sauka.

Likita ya riƙe baki. "Ikon Allah. Ƙauna ke nan."

"Ƙa'idar aiki ce," in ji Farfesa, yana goge hannunsa. "Kowace safiya haka nake lallashin ɓerayena kafin awo."

Alhamdulillahi. Haƙurina bai faɗi ƙasa banza ba, yau na kamo matsayin ɓera.